Tambaya da Amsa: Wa Ke Cin Moriyar Katako?

A wannan fitowa mun ware filin nan gaba ɗaya ga batun katako, domin wasiƙu da dama sun zo mana daga Sakkwato da kewayenta a kan tsadarsa a kasuwa, da amfanin da yankunan da ake saro shi suke samu, da kuma ko mu da muke zaune a bakin hamada muna da wani rabo a wannan sana'a ban da saye. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita lafazinsu ba tare da mun taɓa manufarsu ba.

Daga wani kafinta, unguwar Mabera, Sakkwato: Assalamu alaikum. Aikina rufin gidaje da haɗa ƙofofi. Duk lokacin da na je wurin 'yan katako sai in tarar kuɗi ya ƙaru, masu gini kuma suna zargin mu ne muke ƙara musu. Wa yake cin kuɗin nan? Ashe mutanen da dazuzzukan suke ƙasarsu ba su zama attajirai ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiyar magana ita ce mutanen da itacen ya girma a ƙasarsu su ne suke samun kaso mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin da kake biya, kuma domin ka gane dalili sai mu ɗauki falankin da ke hannunka mu koma da shi inda ya fito.

Jihar Sakkwato ba ta da dajin da ke ba da katakon gini mai yawa, domin ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, alhali manyan itatuwan katako irin su loko da afara da obece suna son ƙasar da ruwanta ya ninka namu sau biyu ko sau uku. Saboda haka mafi yawan abin da ke jibge a rumfunan 'yan katako daga kudu yake zuwa, daga jihohi irin su Ondo da Edo da Ogun da Kuros Riba, sai wani kaso daga Kogi da Neja da Taraba, inda ake samun madaci da maje da kawo da doka. Akwai kuma malaina da tik, waɗanda baƙi ne a ƙasar nan, dasa su aka yi a gandayen gwamnati irin su Omo a Ogun da Oluwa a Ondo.

Idan itacen yana cikin gandun daji ne, ɗan kwangila yakan nemi izini daga ma'aikatar gandun daji ta jiha, ya biya kuɗin da aka yanka, ma'aikacin daji ya buga wa gungumen hatimi da guduma, kuɗin su tafi baitulmalin jiha. Ƙauyen da ke maƙwabtaka da dajin ba ya samun abin kirki daga ciki, in ban da ɗan abin da akan miƙa wa shugabanninsa. Idan kuma a gonar wani itacen yake, manomi yakan sayar da shi a tsaye, farashi guda, sau da yawa lokacin da yake cikin matsin kuɗin makaranta ko na asibiti, bai kuma san falanki nawa za a fitar daga cikinsa ba. Daga nan sai hannuwa su fara yawa. Akwai mai injin zarto, da leburorin da ke fito da katako a ka daga inda mota ba ta shiga, da motar da ke kai gumagumai gidan yanka. A gidan yankan, kusan rabin gungumen yakan tafi a dusa da ɓawo da guntaye, musamman inda injinan suka tsufa, kuma wannan asarar ma a kan mai saye take ƙarewa. Sa'an nan tirela ta ɗauko kayan ta biyo ta Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Jega har ta iso Sakkwato, tafiyar da ta kusa kilomita dubu, tana shan man dizal, tana biyan haraji a jihohin da ta ratsa, ana kuma tsayar da direba a shingaye. Kafin falankin ya zo hannunka, kuɗin hanya da na hannuwan da suka taɓa shi sun ninka abin da aka biya mai itacen nesa ba kusa ba.

Kada dai a ɗauka cewa yankin daji ba ya amfana. Yana amfana ƙwarai, sai dai amfanin yana taruwa ne a garuruwan da ake sarrafa itacen. A Akure da Ore da Benin da Ijebu-Ode, dubban gidaje ne ke ci daga gidajen yanka katako, tun daga masu wasa zarto da makanikai da direbobi har masu sayar da abinci a ƙofar masana'anta, da matan da ke kwasar dusar katako suna sayar wa masu kiwon kaji. Babu garin da ya fi nuna wannan kamar Sapele ta jihar Delta. A shekarun 1940 kamfanin UAC ya kafa wata babbar masana'antar katako da filawud a can, ana turo mata gumagumai ta kan kogi, ta ɗauki dubban ma'aikata, har garin ya cika da baƙi daga kowane sashe na Najeriya. Sunan garin ya shahara har ya zama sunan wani irin jan katako da ake saye da sayarwa a kasuwannin duniya har gobe. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci a dazuzzukan da ke ciyar da ita, hankalin ƙasa kuma ya koma kan man fetur, sai masana'antar ta durƙushe, garin ya ji a jikinsa.

Wannan ƙarancin shi ne tushen tsadar da kake kuka da ita, ko da yake tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira sun ƙara mata nauyi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2010 Najeriya tana rasa daji kimanin hekta 400,000 a kowace shekara. Ba masu katako kaɗai ke da alhakin wannan ba, noma da itacen girki da faɗaɗar garuruwa duk suna ciki, amma sakamakonsa a kan sana'arka a bayyane yake. Masu sara suna ƙara nutsawa cikin daji, suna kuma yanka itatuwan da ba su gama ƙosawa ba, shi ya sa kake ganin tu-bai-fo ɗin yanzu, wato katakon rufi mai awon inci biyu da huɗu, bai cika aununsa ba, yana zuwa da ɗanyensa, in ka yi rufi da shi kafin ya bushe sai ya murɗe ya ɗaga kwano. Shawarata ita ce ka riƙa tafiya da mai gini wurin saye, ko ka karɓo masa rasit, domin zargin da ake yi muku ya fi yawa ne a inda mai gida bai ga farashin kasuwa da idonsa ba.

Daga wani ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato: Wani abokina ya ce in zuba jari mu riƙa sayen itacen da suke kira madrid a Taraba ana fita da shi waje, ya ce ribarsa ta fi ta kowace haja. Mene ne shawararku?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka, kuma ga dalilaina.

Itacen da 'yan kasuwa ke kira madrid ko koso shi ne madobiya, wadda makiyayanmu suka sani sarai, domin ganyenta abincin dabbobi ne a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Cikinta ja ne mai nauyi da kyawun zane, kuma a ƙasar Sin ana yin kujeru da gadaje masu tsadar gaske da irin wannan itace. Da masu wannan sana'a suka cinye irinsa a kudu maso gabashin Asiya, sai suka juyo Afirka ta Yamma, suka bi ta Gambiya da Senegal da Ghana da Benin, suka shigo Najeriya. Cikin 'yan shekaru kaɗan, wajen 2014 zuwa 2017, ƙasar nan ta zama kan gaba a duniya wajen aika gumaguman irin wannan itace zuwa Sin. An fara da dazuzzukan Kogi da maƙwabtanta, da suka ƙare aka koma Taraba da Adamawa, garuruwa irin su Garba Chede suka cika da tireloli, masu zarto kuma suka kai har cikin gandun Gashaka-Gumti da doka ta hana taɓawa.

A lokacin kuɗi sun shiga hannun matasa, wasu sun bar noma, an sayi babura, an yi aure. To amma abin da ɗan ƙauye ya samu a kan gungume ɗaya bai kai ko kusa da abin da aka sayar da shi a tashar jirgin ruwa ba, balle abin da kujerar da aka yi da shi ta kawo a can. Wata ƙungiya mai binciken laifuffukan muhalli, EIA, ta ba da rahoto a 2017 cewa hukumomin Sin sun tsare gumagumai kimanin miliyan 1.4 da suka fito daga Najeriya, waɗanda darajarsu ta kai dala miliyan 300. Wannan dukiya duk a ɗanye ta fita, babu masana'anta ko ɗaya da ta bari a baya, babu kuma wanda ya dasa madadinta, alhali madobiya itace ce mai jinkirin girma, wadda sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Abin da ya rage wa waɗannan yankuna shi ne kututture, da hanyoyin da manyan motoci suka farfasa, da makiyayan da suka rasa ganyen rani suka ƙara matsowa kusa da gonaki. Ni a ganina wannan ba cin moriyar daji ba ne, kwasar ganima ce.

Ta fuskar doka kuma, tun farkon 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, a 2022 kuma aka faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen da take fitowa. Duk wanda ya fita da ita ba da sahihin izini ba fasa-ƙwauri yake yi, kuma in aka kama kwantena, mai jarin da ke zaune a Sakkwato shi ne zai tashi a tutar babu, domin ba shi da takardar da zai kai ƙara da ita. Idan sha'awar harkar katako kake yi, akwai halastacciyar hanya, wato sayen malaina da tik daga gandayen da aka dasa, da cikakkun takardu, ka kawo su nan, ka sa injin gogewa da rumfar busarwa. Kafintocinmu suna neman busasshen katako mai cikakken awo, kuma wanda ya riƙe musu amana a kan wannan ba zai rasa ciniki ba.

Daga wata ɗaliba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: Tunda saran itace yana jawo zaizayar ƙasa da ɗumamar yanayi, me zai hana gwamnati ta haramta shi gaba ɗaya a duk faɗin ƙasa?

Amsa: Ɗiyata, damuwarki tana kan hanya, amma maganin da kika kawo an gwada shi a ƙasar nan, kuma yana da kyau ki san yadda ya ƙare.

Jihar Kuros Riba ita ce ke da mafi girman abin da ya rage wa Najeriya na dajin kurmi. A 2008, zamanin Gwamna Liyel Imoke, jihar ta dakatar da saran katako baki ɗaya, da fatan za ta samu kuɗi daga shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan ƙasashe ladan barin dazuzzukansu a tsaye. Kuɗin da aka sa rai ba su zo yadda aka zata ba, ɗan abin da ya zo kuma bai kai ga ƙauyuka sosai ba. Masu lasisi da ke biyan haraji suka rufe, gwamnati ta rasa kuɗin shiga, al'ummomi suka rasa ɗan kason da suke samu, amma buƙatar katako a Legas da Kano da Sakkwato ba ta ragu ba ko kaɗan. Sai sana'ar ta koma hannun masu sara a ɓoye, waɗanda ba sa zaɓen itace, ba sa biyan kowa, suna cin karensu babu babbaka. A 2023 gwamnatin jihar ta ɗage dokar bayan shekara goma sha biyar. Haramci a takarda ba ya tsare daji matuƙar mutumin da ke zaune a gefensa bai ga abin da zai samu in ya tsare shi ba.

A cikin wannan jihar kuma akwai misali na daban. Mutanen Ekuri suna da dajin al'umma mai faɗin hekta 33,600, sun ƙi sayar da shi ga kamfanonin da suka yi musu alkawarin hanya, suka kafa ƙungiyarsu a 1992 suna kula da shi da kansu, suna tara abin da suka samu daga albarkatunsa suna yi wa kansu ayyuka. Dajin nan yana tsaye ne saboda masu shi sun san nasu ne.

Daji kamar garke yake. Makiyayi mai hankali yakan sayar da bijimai da tsofaffin shanu kowace shekara ya biya buƙatunsa, garken kuma ya ci gaba da yaɗo, amma ranar da ya fara sayar da shanun da ke haihuwa, to ya kama hanyar rabuwa da sanda. Ilimin gandun daji gaba ɗayansa a kan wannan lissafi yake, wato a auna yawan itacen da dajin ke ƙarawa a shekara, kada a sari abin da ya fi haka, a raba dajin kashi-kashi ana zagayawa, a hana taɓa itacen da kaurinsa bai kai ƙa'ida ba, a bar iyayen da za su zubar da iri. Ƙasar Suwidin ta kafa doka tun 1903 cewa duk wanda ya sare daji dole ya tabbatar wani ya tsiro a wurin, kuma daga shekarun 1920 zuwa yau yawan itacen da ke tsaye a ƙasar ya ninka kusan sau biyu, alhali tana cikin manyan masu sayar da katako da takarda a duniya. A nan Afirka kuma, Gabon ta hana fita da ɗanyen gungume daga 2010, ta buɗe yankin masana'antu a Nkok kusa da Libreville, ta tilasta a yanka a sarrafa a cikin gida, har ta zama kan gaba a nahiyar wajen fitar da siraran fallayen katako da ake yin filawud da su.

Mu ma mun hana fita da ɗanyen gungume tun 1976, mun dasa malaina mai yawa domin ta ciyar da masana'antun takarda, muka gina su a Jebba da Oku Iboku da Iwopin. Dukansu uku sun daɗe ba sa aiki yadda aka tsara, muna sayo takarda daga waje, malainar kuma ta koma katakon rufi. Matsalarmu ke nan, ba rashin doka ba ce, rashin riƙon abin da aka fara ne, da kuma yadda jihohi suke kallon gandun daji a matsayin wurin tara haraji kawai, ba tare da sun mayar da wani abu cikinsa ba. Tunda a jami'arku akwai sashen nazarin gandun daji da muhalli, ina ba ki shawara ki kusanci malamansa, domin ƙasar nan ta fi buƙatar masu iya ƙidayar daji da tsara saransa fiye da masu kiran a rufe shi.

Daga wata uwar gida, Tambuwal: Muna ganin motoci shaƙe da buhunan gawayi suna wucewa kullum. Shin wannan ma yana cikin arziƙin da ake cewa daji na kawowa?

Amsa: Hajiya, yana ciki, amma shi ne mafi arha a cikin hanyoyin cin daji. Idan aka binne itace aka ƙona shi irin yadda ake yi a karkara, gawayin da ke fitowa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin itacen ba, sau da yawa ma bai kai ba. Masu yinsa kuma sun fi neman itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke, har da kaɗanya a wasu wurare. Ƙirya guda tana ba da turmi da taɓarya da ƙotar fartanya, 'ya'yanta ana daddawa da su, kaɗanya kuma tana ba mata mai da kuɗi shekara bayan shekara, to duk wannan ake mayarwa buhu kaɗan na gawayi a ƙone cikin 'yan makonni. Ba na zargin matar da ta koma gawayi saboda iskar gas da kananzir sun fi ƙarfinta, ba na kuma zargin talakan da ke yinsa don ya ciyar da iyalinsa. Abin da ya dace shi ne a fitar da gawayi daga itacen da aka dasa domin haka, irin su dogon yaro da turare, a kuma yawaita murhu mai tsimin makamashi, wanda ke rage abin da gida ke ƙonawa.

Daga wani manomi, ƙaramar hukumar Gwadabawa: Ina da gonar tudu da ƙasarta ta gaji, gero ba ya yin kirki. Idan na dasa itatuwa domin in sayar nan gaba, zan ci riba a ƙasa irin tamu, ko kuwa wannan sai mutanen kurmi?

Amsa: Malam, za ka ci riba, in dai ka san irin kasuwar da kake nufa. Ba za ka yi gasa da Ondo wajen falanki mai faɗi ba, domin loko da tik ba za su yi a tudunka ba. Kasuwarka ita ce ta sanduna da dirkoki da itacen girki, wato abin da ake rumfa da shi, da shinge, da tokare rufin kankare lokacin gini, da rufin ɗakin ƙasa. A da azarar giginya ce ke wannan aiki, yanzu giginya ta yi wuya ta yi tsada, kuma duk wanda ya zagaya wuraren gini a cikin Sakkwato ya ga yawan sandunan da ake buƙata. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kayanka ba sa biyan kuɗin tirela daga kudu, wannan kuma rinjaye ne babba.

Itatuwan da suka dace da kai su ne dogon yaro, da turare a wurin da ke da ɗan damshi, da bagaruwa. Dogon yaro baƙo ne daga ƙasar Indiya, an fara dasa shi a Borno a 1928, amma ya karɓi ƙasarmu, yana jure fari, gara ba ta cika damun itacensa ba, kuma idan aka sare shi yakan sake toho daga kututture, ka sake sara bayan 'yan shekaru ba tare da sabon dashe ba. Turare yana miƙewa sambal, yakan isa sanda cikin shekara biyar zuwa bakwai, sai dai yana shan ruwa da yawa, saboda haka kada ka kai shi kusa da rijiya ko tsakiyar shuka. Bagaruwa kuma ka fi ni sanin darajarta, domin da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato, ga itacenta mai ƙarfi.

Ba sai ka je nesa ba kafin ka ga shaida. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, can arewa da iyakarmu ta Illela, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Da itatuwan suka girma, binciken da aka yi ya nuna geron da ke tsakanin layukan ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan mutanen ƙauyukan suka fara sassabe rassan suna sayar da sanduna da itace. A yankin Maradi kuma, tun daga 1983 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito a gona lokacin sharar daji, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan kowane kututture a bar su su girma, a datse sauran. Da wannan dabara, wadda ba ta buƙatar sayen iri ko ban ruwa, an farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Maradi da Damagaram. Gonarka da ka ce ta gaji, da wannan ya kamata ka fara, musamman in akwai gawo a cikinta, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina taki.

Kada ka mayar da gonar gaba ɗaya daji, domin iyali ba za su jira shekara biyar ba su ci ba. Ka dasa a kan iyaka, da layuka a gefen da iska ke bugowa, ka ci gaba da noman gero da wake a tsakani. Ka yi dashen da zarar ruwa ya zauna, don saiwa ta kama kafin kaka. Babban abokin gabarka shi ne bakin dabba a rani, domin mafi yawan dashen da ke mutuwa a ƙasarmu awaki ne ke cinye shi a shekara biyun farko, saboda haka ka tanadi ƙaya ko kewaye tun kafin ka kawo irin, kuma gara ka dasa hamsin da za ka iya tsarewa da ka dasa ɗari biyar ka bar su.

Game da iri, Sakkwato tana cikin jihohi goma sha ɗaya da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa a Najeriya, tana kuma cikin jihohin arewa da shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ke aiki a cikinsu, don haka ka tuntuɓi sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ji lokacin da ake rabon dashe. Idan ka je, ka nemi su rubuta cewa itatuwan da ke gonarka kai ka dasa su, da adadinsu da irinsu, ka kuma sanar da mai gari a gaban shaidu. Dalili shi ne dokar daji tana neman izini kafin a sare wasu itatuwa ko da a gonar mutum suke, kuma manoma da yawa sun ƙi dashe saboda tsoron ranar sara a ce ba nasu ba ne. In gonar aro ce ko jingina, to ku yi yarjejeniya da mai ita a rubuce a kan wanda zai mallaki itatuwan da yadda za a raba kuɗinsu, tun kafin ka haƙa ramin farko.